Inabin Kaka da Kakanni a Zamanin Fari: Labarin Gandayen Penedès



 

Tun kafin a yi nisa, akwai maganar da ya kamata in faɗa a fili. Manoman da zan ba ku labarinsu yau inabi suke nomawa, kuma mafi yawan inabin nan giya ake yi da shi. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ban kuwa zo in buɗe wannan babi ba. Abin da ya kai ni gonakinsu daban ne. Da wuya a sami manoman da suka riƙe lissafin shukarsu kamar masu inabi na Turai, domin dukiya ce ta masarauta da ta coci da ta masu gari, har ranar fara girbi ma hukuma ce ke yankewa ta rubuta. A garin Beaune na Faransa akwai rubutattun ranakun girbi tun daga shekarar 1354. Masanan da suka tattara su sun wallafa a 2019 cewa daga 1988 girbi ya matso da kimanin kwana 13 a kan abin da aka saba cikin ƙarni shida da suka gabata. Duk mai son ya ga yadda ɗumamar yanayi ke taɓa amfanin gona, da yadda manomi ke kokawa da ita, ga shaida a rubuce.

Wurin da na zaɓa shi ne Penedès, a yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota daga Basalona. Kudu da shi Bahar Rum, arewa kuma duwatsun Montserrat. Ruwan da yake samu a shekara wajen milimita 500 zuwa 600 ne, bai fi na wajejen Maradi da wani abin a zo a gani ba. Sai dai nasu ba da zafi yake sauka ba. Yakan zo a Afrilu da Mayu, ya sake dawowa a Satumba da Oktoba. A watan Yuli kuwa, daidai lokacin da 'ya'yan inabi ke cika, sama a bushe take ƙayau. Kurangar inabi da abin da ƙasa ta ɓoye take rayuwa, kuma bisa al'ada ba a yi mata ban-ruwa.

Zafi ba kashe inabi yake fara yi ba, gaggawa yake sa shi. Abubuwa uku ake so su tafi tare a cikin ɗan inabi: zaƙi ya hau, tsami ya sauka sannu a hankali, ɓawo da ƙwallo su ƙosa. In rana ta yi yawa, dare kuma ya ƙi sanyi, sai zaƙi ya yi gaba abinsa, tsami ya zube, ɓawo yana nan ɗanye. Manomi ya tsinka da wuri bai nuna ba, ya jira ya lalace. Kakannin manoman Penedès a Satumba suka san girbi. Jikokinsu akwai shekarun da tun farkon Agusta suke cikin gona, kuma da asuba suke tsinka, kafin rana ta dafa musu kaya a cikin kwando.

Wannan ba shi ne bala'i na farko da ya faɗa wa yankin ba, kuma ba za a fahimci na yau ba sai an san na jiya.

A cikin shekarun 1860 wani ƙwaro ɗan mitsitsi, dangin darɓa, ya shigo Faransa daga Amurka a jikin dashen inabi. Sunansa filoksera. Saiwa yake tsotsa a ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani, sai dai manomi ya ga ganye ya yi rawaya, bayan shekara biyu zuwa uku itace ya bushe. Ya cinye Faransa, ya tsallaka duwatsu, ya iso Penedès a 1887. Babu feshin da ba a gwada ba. Abin da ya yi magani a ƙarshe shi ne abin da masu lambu a nan ke yi wa mangwaro: aure. Inabin daji na Amurka ya saba da ƙwaron, saiwarsa tana jure masa. Sai aka riƙa dasa saiwar Amurka, a aura mata reshen inabin Turai a kai. Har yau haka ake yi kusan ko'ina a duniya. Saboda haka in kun ji na ce inabin gida, ku riƙe a ranku cewa daga wuya zuwa sama ne ɗan gida. Ƙafarsa baƙuwa ce. Garin Sant Sadurní d'Anoia, cibiyar sana'ar, har biki yake yi wa ƙwaron duk watan Satumba, a zaga gari da ƙaton mutum-mutuminsa ana wasan wuta. Mutane da raha!

Ɓarnar ƙwaron ba a gona kaɗai ta tsaya ba. Akasarin masu aikin inabi a Kataloniya a lokacin ba su da gonar kansu. Wani irin noma-mu-raba suke yi da masu ƙasa, wanda ake kira rabassa morta. Sharaɗinsa shi ne manomi ya sassabe daji, ya dasa inabi, ya riƙa ba mai ƙasa wani kaso na amfani, kuma ba a karɓe gonar daga hannunsa sai kashi biyu cikin uku na kurangun da ya dasa sun mutu. Manoman suka samo dabara. In itace ya tsufa, sai su tanƙwaso reshensa su binne a ƙasa ba tare da sun yanke shi ba, ya yi saiwa ya zama sabo, amma a ido na shari'a tsohon ne bai mutu ba. Da haka gona ta riƙa wucewa daga uba zuwa ɗa zuwa jika. Da ƙwaron ya zo ya kashe komai a lokaci guda, masu ƙasa suka ce to, sharaɗi ya cika, yarjejeniya ta ƙare. Rikicin da ya biyo baya ya ɗauki kusan shekara hamsin. Manoman suka kafa ƙungiyarsu a 1922. A 1934 majalisar Kataloniya ta yi dokar da za ta ba su damar sayen gonakin da suke nomawa, kotun tsarin mulki ta Sifaniya ta soke ta a wannan shekarar, kuma wannan taƙaddama tana cikin abubuwan da suka ƙara zafafa siyasar ƙasar gab da yaƙin basasar 1936. Na daɗe a kan wannan ne don ku ga cewa annobar gona ba ta cin kowa daidai. Wanda ba shi da takardar ƙasa shi ta fi ci.

Wata asarar kuma ba a lura da ita ba sai daga baya. Da aka zo sake dashe, kowa na neman abin da zai yi saurin mayar masa da kuɗi. Aka zaɓi 'yan nau'o'i kaɗan masu yawan 'ya'ya, musamman farare guda uku: Macabeu, Xarel·lo da Parellada, waɗanda ake yin abin shan nan mai kumfa da daga baya aka sa wa suna kaba. Sauran nau'o'i da dama babu wanda ya damu ya aura su. Suka ɓace daga gonaki, sunayensu ma suka ɓace daga bakin mutane.

A cikin shekarun 1960 sai ga yayin irin waje. Nau'o'in Faransa irin su Cabernet Sauvignon da Chardonnay da Merlot su ne kasuwar duniya ta sani, su ake saye da daraja. Cikin waɗanda suka yi gaba wajen dasa su har da iyalin Torres na garin Vilafranca del Penedès, gidan da ke cikin sana'ar tun 1870. Sun kuwa ci riba: a wata gasa da aka yi a Paris a 1979, abin da suka yi da Cabernet ɗinsu ya doke na manyan gidajen Faransa. Abin sha'awa shi ne, mutumin da ya jagoranci wannan, Miguel A. Torres, shi ne kuma a farkon shekarun 1980 ya fara sa sanarwa a ƙananan jaridun yankin, cewa duk wanda ya san wata kuranga a bakin gona ko gefen rafi wadda ba a san sunanta ba, ya taimaka ya sanar.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. In an kawo rahoto, masani ya je ya duba siffar ganye da reshe, a gwada ƙwayoyin halittarta a ga ko wata sananniya ce ta sake kama. In baƙuwa ce ga littafi, a raba ta da cututtukan da ta kwasa a daji, a raine ta a ɗakin gwaji, a dasa, a jira shekara uku kafin ta fara 'ya'ya, a yi wasu shekarun ana auna ta, sannan a nemi hukuma ta yi mata rajista. Nau'i guda yakan ci fiye da shekara goma. Sun gano sama da hamsin. Waɗanda suka nuna alamar za su yi amfani ba su wuce shida ba: Garró, Querol, Moneu, Gonfaus, Pirene da Forcada. Ku lura da wannan lissafi, domin akwai masu ganin duk abin da ya tsufa alheri ne. Ba haka ba ne. Wasu nau'o'in da gaskiyar kakanni da suka yar da su.

Lokacin da aka fara neman nan, babu mai maganar sauyin yanayi. Kishin kayan gado ne kawai. Sai da zafi ya matsa aka gane abin da aka tsinta. Forcada, alal misali, farin inabi ne da ba ya nuna sai wajen Oktoba, kuma yana riƙe tsaminsa. A zamanin da ake da sanyi wannan aibi ne, don ruwan kaka kan riske shi a gona ya ruɓar da shi, kuma mai yiwuwa dalilin watsi da shi ke nan. Yau wannan jinkirin shi ne darajarsa: yana nuna bayan zafin Agusta ya wuce. Moneu kuma baƙi ne mai jure rana da ƙishi. Chardonnay da aka yi ta rububi a kai, shi ne ke fara nuna a tsakiyar ƙuna.

Bincike ya goyi bayan abin da manoman suka gani da ido. A duniya ana noma nau'in inabin matsa sama da 1,000, amma a ƙasashe da dama guda 12 kacal ne suka mamaye kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na gonaki. Wani nazari da Ignacio Morales-Castilla da abokan aikinsa suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa in zafin duniya ya ƙaru da digiri 2, kashi 56 cikin ɗari na wuraren da ake wannan noma yau ba za su ƙara dacewa da shi ba. In kuwa manoma suka sauya nau'in da suke dasawa, asarar ta sauko zuwa kashi 24. A digiri 4, asarar kashi 85 ce, sauya iri kuma ba zai rage ta ƙasa da 58 ba. Wato iri yana sayo lokaci, amma yana da iyaka. Hatta Bordeaux ta Faransa, wadda ba a taɓa saninta da sassauci kan dokar iri ba, ta amince a 2021 da sababbin nau'o'i shida, har da Touriga Nacional na Fotugal, kodayake ta ce kada su wuce kashi 5 cikin ɗari na gonar mutum.

Yanzu bari mu zo kan noman da babu sinadari, wanda shi ne ɗaya ƙafar maganar.

A Sant Sadurní akwai wani gida mai suna Recaredo, na iyalin Mata, wanda kakansu ya kafa a 1924. Ba su da girman Torres ko kusa. Ba sa ban-ruwa, ba sa maganin ciyawa, ba sa takin zamani, da hannu suke girbi, kuma kan irin gida suka dogara. Suna da wata 'yar gona ta Xarel·lo da aka dasa a 1940, har yanzu tana bayarwa. Irin waɗannan gidaje sukan bar ciyawa da dangin wake su rufe tsakanin layuka don ƙasa ta riƙe laima kuma kada ruwa ya kwashe ta. Wasu kan saki tumaki da sanyi su yi kiwo su bar taki. Akwai wani ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare da tsutsarsa ke huda 'ya'yan inabi. Maimakon guba, sai a rataya 'yan igiyoyi masu ƙanshin macensa ko'ina a gona, namiji ya ruɗe ya kasa gano ta, ba a yi ƙwai ba. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai.

Akwai kuma wadda ba ta burge ni ba. Recaredo da wasunsu suna bin wani tsari da ya samo asali daga laccocin Rudolf Steiner na 1924, inda ake cusa kashin shanu a ƙaho a binne, a tono bayan watanni a dama a yayyafa, a kuma duba tafiyar wata da taurari kafin a yi wasu ayyuka. A ganina ba ƙahon ke gyara gonar ba. Mutumin da ya yarda zai bi wannan wahala, kullum yana cikin gonarsa yana duba ta, kuma idon mai gona shi ne takin.

Kada kuma wani ya fita daga nan da zaton noman da babu sinadari babu feshi a cikinsa. Dokar Tarayyar Turai ta yarda da farar wuta da kuma jan ƙarfe, don inabin Turai ba ya iya wa cututtukan funfuna biyu da su ma daga Amurka suka zo. Haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa tun 1885 aka san shi. Matsalarsa biyu. Ba ya shiga jikin ganye, a sama yake zama, ruwa na sauka ya wanke shi, sai a sake. Sannan ba ya ruɓewa. Taruwa yake a ƙasa shekara da shekaru har ya cutar da tana da sauran halittun da ake cewa ana karewa. Shi ya sa daga 2019 aka ƙayyade shi: kilo 28 a kowace hekta cikin shekara bakwai. A 2020 ruwa ya yi yawa a Kataloniya a watannin tofo, funfuna ta yi ɓarna mai yawa, masu wannan tsari kuwa su suka fi ji a jika. Ita ma ciyawar da ake bari tsakanin layuka, in fari ya tsananta, kishiyar kuranga take zama wajen shan ruwa, dole a kaftar da ita. Ga kuma shekara uku da doka ta ce sai manomi ya yi yana bin tsarin kafin a ba shi shaida, yana ɗaukar asarar ba tare da ƙarin farashi ba. Duk da haka hukumar da ke kula da sunan Penedès ta yanke cewa daga girbin 2025 duk abin da zai ɗauki wannan suna sai ya fito daga irin wannan noma.

Bayan ruwan 2020 sai fari. Shekara uku a jere sama ta ƙi. Madatsar ruwa ta Sau ta janye har tsohon cocin ƙauyen da ruwa ya shanye tun shekarun 1960 ya fito fili gaba ɗayansa. A ranar 1 ga Fabrairun 2024 gwamnatin Kataloniya ta ayyana dokar ta-ɓaci, madatsun da ke shayar da Basalona sun sauka ƙasa da kashi 16 cikin ɗari. A Penedès gonaki da yawa ba su ba da rabin abin da suka saba ba, kurangu masu shekaru suka bushe a tsaye, 'yan gida da baƙi. A Afrilun 2024 kamfanin Freixenet ya nemi izinin dakatar da ma'aikata har 615 na wani lokaci saboda ƙarancin inabi. Irin gida ya fi jurewa, amma shi ma ruwa yake sha. Manoman da kakanninsu ba su san ban-ruwa ba yau suna muhawara a kansa. Masu hali kuma suna hawa tudu: Torres na da gonaki a Tremp, a gindin duwatsun Pyrenees, mita 950 sama da teku. Ƙaramin manomi mai hekta goma ba shi da kuɗin sayen dutse.

Nan ne maganar ta koma kan farashi, kuma a ganina nan ne gaskiyarta take. A 2018 manyan gidaje biyu na yankin suka fita daga ikon iyalan da suka gina su su kaɗai: kamfanin Henkell na Jamus ya sayi rabin Freixenet, kamfanin zuba jari na Carlyle na Amurka ya sayi mafi yawan Codorníu. A girbin 2019 manyan masu saye suka sa kilon inabi wajen santi 30 na Yuro, manoma suka ce bai biya kuɗin aiki ba, suka fito zanga-zanga. A farkon 2019 ne wasu gidajen iyali, cikinsu da Recaredo da Gramona da Llopart, suka fice daga inuwar sunan kaba suka tsaya a ƙarƙashin ƙungiyarsu, Corpinnat. Ƙa'idojinsu: noma babu sinadari, girbi da hannu, kashi 90 cikin ɗari irin gida, kowa ya sarrafa a gidansa, kuma in zai sayi inabin maƙwabci, akwai farashin da ba a sauka ƙasa da shi, da yarjejeniya ta shekaru. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ginshiƙin sauran. Manomin da ake biya santi 30 ba zai dasa Forcada ya jira ba. Abin da ya fi cika mota zai dasa. Kuranga kuwa in ka dasa ta yau, shekara talatin ko arba'in za ta yi a wurin, a cikin yanayin da kai ba za ka gani ba. Kamfanin da ke ba masu hannun jari lissafi duk wata uku ba ya irin wannan tunani. Gandu ne ke yin sa, inda mai dashe ya san sunan wanda zai ci.

To, mu ina ruwanmu? Ana noman inabin ci a Kudan ta Jihar Kaduna, amma ba can hankalina ya tafi ba. Rumbu na tuna. Inabi da reshe ake yaɗa shi, don haka Xarel·lo na yau shi ne dai na shekara ɗari da suka wuce, bai sauya ba, ba zai kuma sauya ba. In yanayi ya juya masa baya sai dai a nemo wani. Gero ba haka yake ba. Iska ke haɗa shi barbara, kowace shekara kuma manomi na ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye iri. Masu bincike na Faransa da Nijar sun ɗauki geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976, da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan nan dai a 2003, suka shuka su gefe da gefe. Sakamakon da suka wallafa a 2011 ya nuna na 2003 ya fi saurin fitar da kai, alhali akasari nau'o'in nan ne dai na da, ba a musanya su da wasu ba. Farin shekarun 1970 da 1980 ya gajarta damina, manoma da hannunsu suka gajarta geron. Abin da Torres ya kashe shekara arba'in da ɗakin gwaji yana nema, iyayenmu suna yin irinsa a bakin rumbu, ba tare da an rubuta sunan kowa ba.

Ban ce a ƙi ingantaccen iri ba. Wanda ya ga yadda geron SOSAT ke fitar da mutum kunya a gajeriyar damina ba zai faɗi haka ba. Abin da nake tsoro shi ne a wayi gari gari guda iri ɗaya yake shukawa, zango da maiwa da dauro da kaura da farafara sun koma labari. Kuranga takan yi shekaru a bakin rafi tana jiran mai nema. Ƙwayar gero ba ta da wannan haƙuri. 'Yan shekaru kaɗan a rumbu ba a shuka ta ba, ta mutu.

Saboda haka roƙona ga ɗaliban da ke nan: in kun je gida hutu, ku zauna da tsofaffi, maza da mata, domin sau da yawa irin wake da kuɓewa da yakuwa a hannun iyaye mata yake. Ku rubuta sunan kowane iri, kwana nawa yake yi, wace ƙasa yake so, wa ke riƙe da shi har yanzu. Ku roƙi ko da cikin tafi ne. Malaman gona kuma, ku ware musu kunya biyar ko goma a gonar gwaji a daminar bana, a shuka, a auna, a rubuta.